Ƙaurin Roba a Hanyar Gujungu

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar watan Disamba, hazo ya sauko har ba a hango ƙarshen titi, na shiga mota a tashar 'Yankaba zan tafi ɗaurin auren 'yar taubashina a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim. Ƙauyen nan shi ne mahaifar Hajiya, mahaifiyata, amma ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya, saboda haka ta ɗora mini turmin atamfa da ƙwaryar goro, ta ce in je in wakilce ta. Rabona da garin ya haura shekara 20, kuma gaskiyar magana ita ce ban tafi da ɗoki ba, na tafi ne don in sauke nauyi in juyo.

Tun daga Tokarawa muka fara cin karo da manyan motoci masu shigowa Kano, an labta musu buhunan tsofaffin robobi har sun fi motar tsawo, an ɗaure da igiya. Da muka wuce Jogana da Gezawa gonaki suka buɗe, an gama girbe gero da dawa, sai kara a tsaye da baƙar leda da iska ta rataya a kan kowace ƙaya. Wani mahauci da ke kusa da ni ya lura da inda nake kallo, ya ce ai abin da ido ke gani kaɗan ne, shi da yake fasa cikin dabba kullum ya san inda sauran take tafiya, domin yakan tarar da leda a cure cikin tumbin akuya, ta cika ciki ta hana abinci wucewa, dabba tana ramewa mai ita yana ta neman magani. Lokacin ƙuruciyata duk wannan hanya jihar Kano ce, sai a ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa, kuma a wancan zamanin da ganye da takarda da ƙwarya ake zuwa cefane. Na sauka bayan Taura, kafin a kai mararrabar Gujungu, na hau acaɓa muka nausa cikin yashi.

Ba mu kai ga gidajen farko ba ƙaurin ya tare ni. Bahaushe bai yi wa hanci rowar kalmomi ba, yana da ƙamshi da wari da ɗoyi, yana da ƙarni na kifi da jini, da zarni, da hamami, da gafi na ɗanyen wake, kowanne da muhallinsa. Wannan kuwa ƙauri ne, kuma ba na tsumma ko na tuwon da ya kama tukunya ba, ƙaurin roba ne da aka ɗora wa ƙarfe mai zafi. Kafin in yi tunanin komai na ji na dafa kafaɗar ɗan acaɓa na ce ya tsaya. Abin da ya zo mini a lokacin bai yi kama da tunawa irin wadda mutum yake yi da gangan ba. Gani na yi ina ɗan shekara bakwai, a durƙushe gaban kaskon gawayi a ƙofar gidan kakata, ina hura wuta da murfin kwano, ga Kawu Ƙarami a zaune kan buzunsa ya tanƙwashe siraran ƙafafunsa a gefe, yana jiran wuƙa ta yi ja.

Kawu Ƙarami shi ne autan su Hajiya, shan inna ta kama shi tun yana rarrafe, kuma sana'arsa liƙin roba. Duk bokitin da ya tsage, da butar da ta huje, da silifa da ya tsinke a garin nan, wurinsa ake kaiwa. Yakan yanko ƙyalle daga wata matacciyar roba mai irin jikin wadda ta fashe, ya zaro wuƙa daga wuta, ya goga a tsakaninsu har su narke su kama juna, sannan ya danne da babban yatsansa wanda ya riga ya yi kanta. Da silifa biyu a tafin hannu yake tafiya, shi ya sa silifansa suka fi na kowa shan liƙi. Ya rasu ina makarantar sakandare, kuma na shafe shekaru ban tuna da shi ba sai in an ambace shi a addu'a. Ko hotonsa ba mu da shi.

Masana sun yi bayanin abin da ya same ni a kan babur ɗin nan. Saƙon ido da na kunne sai ya biya ta wata tasha a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus kafin a rarraba shi, amma saƙon hanci ba ya fara biyawa ta nan, daga saman kogon hanci yake shiga kai tsaye zuwa maƙwabtan sassan da ke kula da tsoro da shauƙi da ajiyar abin da ya wuce. Hancin mutum yana da nau'in makarɓar wari kusan 400, kuma binciken da ya gano tsarinsu shi ya sa aka ba Linda Buck da Richard Axel kyautar Nobel a 2004. An kuma lura cewa abin da wari yake tonowa yawanci daga shekarun farko na rayuwa yake fitowa. Na san wannan a karance tun da daɗewa, sai dai ban taɓa zaton ƙaurin bola ne zai gwada mini shi ba, ni da nake toshe hanci in na bi ta Dakata.

Na sallami ɗan acaɓa na bi ƙaurin da ƙafa. A bayan wata tsohuwar tsamiya na tarar da fili an kewaye shi da dangar kara, ciki tsibi-tsibi ne na robobi, ga mutum bakwai ko takwas suna aiki. Wanda ke gaban sikeli dattijo ne mai faɗin ƙirji, kekensa na guragu a jingine a gefe, kuma daga yadda ake yi masa magana na gane shi ne sarkin guragun yankin. Na yi sallama, na ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne, ƙauri ya jawo ni." Ya yi dariya ya ce, "Malam, yau na ga wanda ƙauri ya jawo, mu dai mun saba yana korar mana mutane." Da na faɗi gidan da na fito, sai ya ajiye littafin lissafinsa ya dube ni da kyau, ya ce ashe ni ɗan 'yar'uwar mai liƙi ne, ai shi a wurinsa ya fara riƙe wuƙa. Ya nuna wani saurayi a can gefe da kaskon gawayi a gabansa yana gyara buta, ya ce ga jikan sana'ar nan.

Aikinsu ya fi liƙi faɗi. Yara da matan gari suna tsinto robobi su kawo a auna a biya su, 'yan gwangwan masu yawo ƙauyuka da kura suna kawo nasu, su kuma suna rarrabewa kafin dillali ya zo daga Kano da mota. Rarrabewar ita ce ilimin, domin roba ba iri ɗaya ba ce, kuma in aka narka iri biyu tare kayan da za a ƙera ba zai yi ƙarko ba. A gindin yawancin robobi akwai 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki, daga 1 zuwa 7, tsarin da aka fito da shi a Amurka a 1988. Gorar ruwa da ta lemo lamba 1 ce, jarka lamba 2, bututun ruwa lamba 3, bokiti da kujera galibi lamba 5. Amma ba wanda na ga yana duba lamba. Wani makaho mai matsakaicin shekaru yana zaune a tsakiyar tsibi, in ya ɗauki roba sai ya matsa ta, ya ƙwanƙwasa da farce, ya jefa ta inda ta dace ba tare da ya juya kai ba. Na gwada shi da guntaye biyar ina duba lambar a ɓoye, bai kuskure ko ɗaya ba. Launi kaɗai ya bar wa wata yarinya kurma da ke gefensa, saboda fara da shuɗiya da baƙa ba kuɗinsu ɗaya ba.

In abu ya rikice, in ji sarkin, akwai gwaji biyu. Na farko a jefa guntun a ruwa, robar jarka da ta bokiti suna tasowa, ta gora da ta bututu suna nutsewa. Na biyu a ɗana masa wuta a shinshina, robar jarka tana ƙauri irin na kyandir, ta bututu kuwa tana da wani hayaƙi mai yaji da ke shaƙe maƙogwaro. A nan na kasa yin shiru, na ce wannan hayaƙin na biyu guba ne, domin robar bututu tana ɗauke da sinadarin kulorin, kuma ƙona ta a fili yana fitar da abubuwan da ke cutar da huhu su kuma daɗe a jiki. Ya ce sun sani, shi ya sa ba sa barin a ƙona tarkacen da dillali ya ƙi a cikin dangar, amma ya tambaye ni gida nawa ne a birni ba a hura gawayi da leda. Ban sami amsa ba. Abin da ya bar nan kuma, a Kano ake niƙa shi a inji, a wanke, a shanya, a narka ya zama ƙwayoyi kamar shinkafa, sannan a zuba a injin ƙira ya fito buta ko silifa ko baƙar leda, ya bi ta kasuwar Ƙofar Wambai ya sake dawowa ƙauyen da ya fito. Kada dai wannan zagaye ya ruɗi mutum, domin ƙididdigar duniya ta nuna kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na tarkacen roba ake sake sarrafawa, kuma ledar fiya wata da ta cika gonakin da na gani a hanya ba ta da nauyin da zai sa yaro ya wahala a kanta.

An ɗaura aure bayan azahar, aka raba goro da alewa, na miƙa saƙon Hajiya, na sha fura da nono mai kyau. Niyyata in kama hanya kafin la'asar, amma taubashina ya riƙe mini babbar riga, ya ce in ni ba matsoraci ba ne in tsaya in ga wasan da mutanen sarkin guragu za su yi.

Na amsa ne a kan dole, kuma zuciyata ba ta so ba. Na sha ganin yadda ake tara naƙasassu a taro don a tausaya musu, a ɗauki hoto, a watsa musu canji, kowa ya watse yana jin ya yi aikin lada, kuma na zaci bara ce za a yi da kiɗa. Akwai kuma wani abu da ƙaurin safiya ya tono wanda ban gaya wa kowa ba. A wannan dandalin, duk lokacin biki, Kawu Ƙarami a bayan da'ira yake zama, inda ba ya ganin komai sai dugadugan mutane, yana bin kiɗa da yatsunsa a gindin wani bokiti. Wata rana ya ce in ɗan buɗa masa hanya ya matsa gaba, ni kuwa ina tare da yaran da muka zo hutu daga birni, sai na yi kamar ban ji ba.

Abu na farko da na lura da shi shi ne an sa layin gaba duka su zauna a ƙasa, manya da yara, masu tsayuwa suka koma baya, kuma an share filin an yayyafa ruwa an daddaɓe shi don kada tayar keke ta nutse. Makaɗan ma a zaune suke, mai kalangu da mai ganga da wani yaro da ke dukan jarkoki biyu da aka kife. Guragu huɗu suka fara shiga da silifa a hannu, sun ɗaura kacau-kacau a damatsa maimakon idon sawu, kuma da marafan kwalba aka yi shi, an huda an zura a igiya. Suka buga tafukan hannu a ƙasa tare, sau uku, sannan mai kalangu ya amsa. An ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma a nan rawar ce a gaba, domin idon makaɗin yana kan kafaɗun masu rawa, in sun ɗaga jiki a kan hannu ya ja igiyar kalangu sama, in sun sauka ya sake ta. Ɗaya daga cikinsu ya tokare da hannu guda ya juya jikinsa gaba ɗaya kamar katantanwa, ƙura ta tashi, mata suka rangaɗa guɗa daga ɓangarensu.

Daga nan samari masu ƙafa suka shigo, kuma wannan shi ne wurin da na gyara zama. Ba su shigo don su riƙe kowa ko su tura keken kowa ba. Kowanne ya sami abokin karawa ya durƙusa daidai tsayinsa, gurgun ya yi salo, mai ƙafar ya maimaita, kuma sau da yawa mai ƙafar ne yake kasawa, hannuwansa su saki ya kife, a yi masa dariya. Bayan haka aka juya, mai ƙafa ya yi taku irin na Koroso a tsaye, abokinsa ya mayar masa da shi da hannu da kafaɗa, kacau-kacau yana faɗuwa a kan bugu ɗaya. Biyu masu keke suka zagaye su, suna juya kan keken a daidai inda ganga ta tsaya.

Da maza suka fita, 'yan mata suka yi nasu a gefen da matan suke, kuma yarinyar nan kurma mai rarraba launi ita ce a gaba. Ba takalmi a ƙafarta, kuma ta zaɓi wuri dab da mai ganga, inda dukan yake shiga ƙirji, tana kallon hannunsa. In za a sauya salo wata ƙawarta takan ɗaga ɗankwali sama, sauran bayani kuma da maganar hannu suke yi, harshen da kuramen ƙasar Hausa suka daɗe da shi tun kafin a buɗe makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano. Wata makauniya ta riƙe bakin mayafi, ƙanwarta ta riƙe ɗaya bakin, kuma ta jan mayafin take sanin inda da'ira ta nufa. Na ga ta yi kuskure sau biyu, ta taka ƙafar ta kusa da ita, aka yi mata tsiya kamar yadda za a yi wa kowa, ita ma ta rama.

An yi liƙi, kuma ni ma na yi. Na tsaya da kuɗin a hannu ina jin nauyin abin, sai sarkin ya hango ni ya ce, "Malam, a goshi ake sawa, ba a ƙasa ba." Daga baya, muna zaune bayan magariba, ya ce bambancin ke nan a wurinsa, wanda aka jefa wa kuɗi a gabansa almajiri ne, wanda aka liƙa wa a goshi kuwa gwani ne, kuma duk wanda bai iya ba ba sa barinsa ya shiga fili don kawai yana da lalura, sai ya je ya koya. Ban ce na yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, domin na ga wasu 'yan kallo da tausayi ne ya kawo su, har da wata tsohuwa da ke share hawaye tana cewa Allah sarki. Amma na ga matasa da yawa waɗanda ba abin da ke fuskarsu sai son su iya wannan juyi na hannu guda.

Ya ce wasan a cikin dangar robobi ya samo asali, in sun gaji da aiki yaro ya kifa jarka ya fara duka, sannan aka fara gayyatarsu suna da biki. Na ba shi labarin cewa a ƙasar Suwidin an fara rawar keken guragu tun 1968, har ta zama gasar duniya da ake haɗa mai keke da mai tsayuwa. Bai nuna mamaki ba, ya ce ai mu ma a nan Najeriya Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, wadda ake bugawa da hannu a kan katako mai taya, kuma ba wanda ya zo daga waje ya koya masa. Da hira ta kai ga gwamnati, ya tuna alawus ɗin naira 7,000 a wata da gwamnatin Sule Lamido ta fara ba naƙasassun Jigawa a 2007, ya kuma san da dokar hana nuna musu bambanci da shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su samar da hanyar shiga. Ya ce shekarun sun cika, kuma har yanzu a mafi yawan wuraren da yake zuwa sai ya bar kekensa a ƙasan matakala ya hau da hannu.

Wani abu da sai da dare ya faɗo mini shi ne, a cikin guragun da suka yi rawa ban ga ƙaramin yaro ba, mafi ƙanƙantarsu ya haura shekara 20. Wato haihuwar wajen 2003 ne, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jita, kafin a dawo da shi a 2004. Tun a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar cutar ta bar Afirka, ko da yake har yau masu ɗiga rigakafi suna bin gidaje. Na kwana a ɗakin zaure ina jin sanyi yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ga ƙamshin daddawa daga gidan maƙwabta.

Washegari Lahadi kasuwar Gujungu take ci, sarkin ya sa aka ɗora buhunansu a kan amalanke aka kai bakin titi, ni kuma na sami motar Kano a cike da buhunan riɗi da kwandunan kaji. Saurayin nan mai liƙi ya ba ni igiya ɗaya ta kacau-kacau, na sa a aljihu, tana ta ƙara duk ramin da muka faɗa.

Da na isa gida na wuce wurin Hajiya in ba ta bayanin biki. Ban kai ga zama ba ta ɗaga kai ta ce, "Kai wannan, ina ka shiga kake ƙaurin Ƙarami?" Ba ta faɗin sunana saboda ni ne ɗan fari. Na zauna na kwashe labari na gaya mata, har da zancen ranar da na yi kamar ban ji shi ba, sannan na ce abin da ya fi damuna shi ne ya mutu bai taɓa shiga fili ba. Ta karɓi kacau-kacau ɗin ta juya shi a hannu, ta ce, "Wa ya gaya maka? A daren da za a kai ni gidan babanku ya sa aka rufe ƙofar zaure, ya ce a kifa masa ƙwarya, ya yi mana rawa da hannuwansa har sai da kakarka ta riƙe ciki don dariya. Ai duk gidanmu ba wanda ya kai shi." Ta sa igiyar a ƙarƙashin matashinta, ta tambaye ni ko amarya ta ji daɗin atamfar.